Tsakuwa a Tukunyar Maman Judith

Har yau da gefen dama nake tauna abinci, kuma Maman Judith ce sila. To, ba ita kaɗai ba, akwai hannun gwamnati a ciki, sai dai gwamnati ba ta da rumfa a bakin ƙofar masaƙa da zan je in yi mata ihu, ita kuwa tana da ita. Sunana Bello, mutumin Funtuwa, makaniken injin saƙa. Shekara goma sha tara na yi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ina zaune a Makera. Mutane sun ce ina da saurin fushi, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Ainihin sunanta Rhoda. A wani ƙauye aka haife ta cikin duwatsun da ke gaba da Kafanchan, ta zo Kaduna tana 'yar shekara goma sha takwas, amaryar Jethro, wanda ke aiki a ɗakin rini na masaƙarmu. Ita da bakinta ta ba ni labarin cewa ranar da ta sauka daga mota, da akwatin ƙarfe guda da ƙore biyar a ɗaure cikin zane, matan gidan hayar sun yi ta kallon ƙoren nan suna ƙunshe dariya. Abin ya tsaya mata a rai. Kafin shekara ta zagayo ta rabar da su duka, ta sayi fanteka da kwanonin fenti masu furanni, ta jera a ɗaki kamar kowace matar birni.

Da tukunya ɗaya ta fara sayar da abinci, a gindin wani mangwaro daura da ƙofar masaƙa. Lokacin da nake ba da labarinsa kuwa tana da rumfar kwano, benci uku da manyan tukwane biyu. Gajeriya ce mai kaurin damtse, ba ta da yawan magana, murmushinta ma sai an yi dace. Amma ta san cikin kowa. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda ke son ƙanzo, ta san wanda zai ce ya ƙoshi alhali kunya ce ta hana shi neman ƙari. Namanta wurin mahautan Makera take saye, shi ya sa mu Musulmi muke ci hankali kwance. Ni kam kullum sai mun yi da ita a kan baƙin man da ke hannuna, don ba ta miƙa wa mutum faranti sai ya wanke hannu da sabulu, ko da jiniya na shirin kiransa.

Shinkafa take dafawa, ta waje, wadda muke kira 'yar gwamnati. Doguwa, fara tas, ɗauraya ɗaya sai tukunya. Hutunmu na rana rabin awa ne. Jiniya na bugawa mu fito a guje, mu zuba loma ba tare da mun dubi farantin ba, mu koma. Shekara da shekaru haka muke, babu wanda ya taɓa tunanin daga ina shinkafar take zuwa.

A 1984 aka rage ma'aikata, saboda babu auduga, babu kayan gyara, injuna na tsaye. Sunan Jethro ya fito a takardar da aka manna a bango. Ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, bai samu ba, sai ɗan noman masara da yake taɓawa a wani fili a Narayi. Gidan mai 'ya'ya huɗu ya koma kan tukwane biyun nan. Babbarsu Judith tana aji uku a sakandare, kanta na ja ƙwarai, kuma duk Kakuri an san uwarta ta ƙudura sai ta ga yarinyar cikin farin kayan nas. Jethro kuwa ya fara maganar gida: gonar mahaifinsa na nan, ƙasa ba ta sallamar mutum daga aiki. Mutumin kirki ne, amma zaman banza ya cinye shi.

Ranar Talata, ɗaya ga Oktoban 1985, ranar bikin 'yancin kai, hutu ne ga kowa ban da mu makanikai, don ran hutu ake kwance injuna a duba su. Ba mu fi mu ashirin ba, amma Maman Judith ta fito ta dafa mana. Benson, akawun da ke rubuta lokacin shigarmu, ya zo da rediyonsa ya ɗora a kan benci. Da sassafe aka saki badujala, aka yi taken ƙasa, sannan shugaban soja, wanda mako biyar ke nan da ya ture na gabansa, ya fara jawabi da Turanci. Benson na fassara mana, yana ƙara nasa gishirin.

A lokacin duk inda ka zauna maganar bashin Asusun Lamuni na Duniya ake yi. Turawa sun ce za su bayar, amma sai an karya darajar naira, an janye tallafin mai, an buɗe musu kasuwa. Gwamnati kuma ta ce jama'a su yi muhawara, a karɓa ko kada a karɓa. Mu ma mun yi tamu a gindin mangwaro, har da nuna wa juna yatsa, ko da yake muhawara da mai bindiga a hannu kowa ya san inda take tsayawa. A jawabin nan aka ce an kafa dokar ta-ɓaci a kan tattalin arziki ta wata goma sha biyar, kowa ya tsuke bakin aljihu, ƙasa ta dogara da kanta. Sai Benson ya dakatar da fassara ya kara kunnensa a jikin rediyo.

Maman Judith na durƙushe tana ɗauraye shinkafa. Ta ɗago ta tambaye shi me aka ce. Ya ce an hana shigo da shinkafa da masara daga waje.

Wallahi ni na fara tafi. Na miƙe tsaye ina cewa haka ake so, mu ci namu, mu daina miƙa wa Bature hannu, ubana da kakana ba su san wata shinkafar jirgin ruwa ba kuma sun yi tsawon rai. Wasu suka taya ni. Ita ba ta tafa ba, hannunta na cikin ruwa.

"Benson," in ji ta, "ya faɗi abin da za a dafa gobe?"

Benson ya sake kara kunne, ya ce a'a, yanzu an koma maganar wani abu daban.

Kafin mako biyu 'yar gwamnati ta shige ɗakunan ajiyar manyan 'yan kasuwa, wadda ta leƙo kuma tsadarta ta fi ƙarfin mai sayar wa leburori abinci. Maman Judith ta je kasuwar Litinin ta Kakuri ta sayo 'yar Hausa. Shinkafa ce mai daɗi da ƙamshi, amma a ƙasa ake sussuke ta, a ƙasa ake shanya ta, kuma tsakuwar da ke cikinta akwai fara, daidai girman ƙwayar, ido ba ya raba su. Ta yi iyakar yinta. Ta tsince a faifai, ta rege a babbar fantekarta sau biyu, sau uku. Duk da haka sai ka ga mutum na cikin ci ya tsaya cak, ya runtse ido, ya juya ya tofar. Aka fara guna-guni.

Ni rabona ya zo ranar wata Alhamis. Na fito a makare, yunwa kamar ta kashe ni, na kai loma ta uku na danna da ƙarfina duka. Ƙarar da na ji har cikin ƙwaƙwalwata. Na tofo rabin haƙorina na turmi a tafin hannu, da jini, da 'yar farar tsakuwa a gefensa. Abin da na faɗa ranar ba zan iya maimaita shi duka ba. Na buga farantin a benci, na ce mun zo cin abinci ne ba aikin kwalta ba, na ce daga yau sunanta Maman Tsakuwa. Ni ne dai mai tafin ran jawabi. Ta tsaya da ludayi a hannu, sai ta ɗebo ruwan ɗumi da gishiri ta miƙo mini. Na ture kofin na tafi.

Sunan ya bi ta. A masaƙa mugun suna ba ya kwana bai zagaye kowane ɗaki ba. Ma'aikata suka watse, wasu wurin mai shayi da burodi, wasu suka koma jiƙa gari da ƙuli. Rabin awa ba ta isa mutum ya zauna yana lalube da harshe. Benci uku suka koma ɗaya, ɗayan ma ba ya cika. Da yamma sai ka gan ta ta ɗauki tukunya da nauyinta ta nufi gida.

Filibus, abokin aikina, ɗan garinsu ne, shi ya gaya mini abin da ake ciki. Kowace shekara mutanen ƙauyensu da ke Kaduna sukan yi hayar babbar mota guda ta kai su gida Kirsimeti. Jethro ya yanke cewa bana da kayansu kaf za su shiga motar, ba dawowa. Judith za ta bar makaranta ke nan, don babu sakandare ko kusa da ƙauyen. Filibus ya ce Rhoda ba ta yi gardama da mijinta a gaban mutane ba, amma matarsa ta same ta a bayan ɗaki tana kuka da zane a baki don kada yara su ji. Maganar ta soke ni. Amma girman kai bai bar ni na je ba, sai na koma bin ɗaya gefen titi in zan wuce rumfarta.

A ƙarshen Nuwamba ta rufe rumfar kwana huɗu. Ta tafi ƙauye ta shaida wa mahaifiyarta suna nan tafe, ta kuma duba ɗakin da za su zauna. Abin da ya faru a can daga baya ta ba ni labari, tana dariya tana share ido. Tsohuwar ta ba ta acca ta ce ta wanke a yi gwate. Acca kuwa, ga wanda bai san ta ba, ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba, kuma da yashin take zuwa daga gona. Rhoda ta ɗauko kwanon fenti, wanda ita da kanta ta aika wa uwar tsaraba, ta rege kamar yadda ta saba. Tsohuwar na zaune tana kallo. Da ta gama, ta ɗebi kaɗan ta sa a baki, ta tauna, ta tofar, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta zo ta ga 'yar birni.

Rhoda ta ce a nan ne abin ya kai ta wuya, ta fashe da kuka, ta zayyane mata komai, da jawabin, da haƙorina, da sunan da na laƙaba mata. Ta ce hannunta ya mutu, ta manta aikin. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wata baƙar ƙwarya, ta kama yatsun 'yarta ta goga su a cikinta.

"Hannunki lafiyarsa lau," ta ce mata. "Ji nan. Cikin ƙwarya kaushi gare shi, shi ke riƙe yashi, hatsi ya wuce. Wannan kwano naki sulɓi ne, duk abin da kika zuba tare zai gangara. Mu da muke raba acca da yashi, a ce tsakuwa ta kore ki daga gari?"

Shekara goma sha huɗu tana dafa shinkafar da ba ta bukatar regaya, ta ɗauka kwano kwano ne. Ta dawo Kaduna da tsofaffin ƙore bakwai cikin buhu, waɗanda tsohuwar ta bi gida-gida ta karɓo mata, don sabuwar ƙwarya ɗaci gare ta kuma cikinta bai zauna ba.

Ranar Litinin da safe muna shiga aiki muka tarar da ita a bakin rumfa, a fili inda kowa zai gani, ta jera ƙore da bokitan ruwa. Tun zuwan 'yar Hausa a gida take regayar, yanzu ta kawo aikin gabanmu. Za ta ɗebi shinkafa a ƙwarya, ta cika da ruwa, ta karkata ta tana kaɗawa a hankali, ƙwayoyin na tsallakawa cikin ta biyu kaɗan-kaɗan, har sai abin da ya rage a gindi baƙi da fari ne zalla. Ta juye wannan a wani shuɗin faranti da ta ajiye a kan benci, ta sake daga ta biyu zuwa ta uku. Kafin azahar farantin ya tara tsakuwa cike da tafi biyu. Mutane suka yi ta leƙawa suna kaɗa kai, amma zama kam mutum huɗu ne suka zauna. Talata ma haka. Tsoro ya riga ya shiga baki, kuma ni na sa shi.

Ran Laraba jiniya ta buga, na fito na tsallaka ɗaya gefen kamar kullum. Sai na ji an kira sunana da ƙarfi. Ban taɓa jin Maman Judith ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Malam Bello! Zo ka ci."

Na ce na ƙoshi. Ta ce ƙarya nake yi, ta san cikina. Ta tako har tsakiyar titi da faranti a hannu, shinkafa da wake da miya, tururi na tashi.

"Duk masaƙar nan babu wanda ya kai ka sanin tsakuwa," ta ce. "In ka samu ko ɗaya, gobe ba za ka gan ni a nan ba. In ba ka samu ba, bakin da ya ba ni suna shi zai karɓe abinsa."

Kafin in waiga mutane sun taru, har mai shayi ya bar tukunyarsa. Na wanke hannu da sabulu ba tare da an ce mini ba, na zauna. Ban taɓa cin abinci da tsoro irin na ranar ba. Ba haƙorina nake ji wa ba, Allah ya sani. Addu'a nake yi a zuci kada in ci karo da komai, har na ƙudura in na ji tsakuwa zan haɗiye ta in yi shiru. Na kai lomar farko na tauna a hankali, ana kallon muƙamuƙina. Ta biyu. Ta biyar. Benson na tsaye a kaina yana ba na baya labari kamar mai sharhin ƙwallo. Tun ina lalube har na manta, na shiga ci sosai, don rabona da abincin kirki an yi makonni, ga shi shinkafar nan tana da wani ƙamshi da 'yar gwamnati ba ta taɓa yi ba. Na suɗe farantin na miƙa mata na ce ta ƙara.

Aka kwashe da dariya, aka fara turereniya a benci. Ni kuma na miƙe na ce a saurara. Na ce ni Bello na yi wa baiwar Allah nan rashin mutunci, na ci zarafinta a kan abin da ba ita ta jawo ba, ina neman gafararta a gaban waɗanda na zage ta a gabansu, kuma duk wanda na sake jin wancan suna a bakinsa ni da shi ne. Ta ce ya wuce, ita ma in yafe mata, sannan ta ce in matsa ina tare wa mutane hanya.

Kada a ɗauka daga ranar komai ya koma daidai. Aikinta ya ninku, ruwa ya tsattsage mata yatsu, bayanta ya fara ciwo saboda durƙuso. Mutane sun dawo ne da kaɗan-kaɗan, wasu sai da suka ƙara mako suna kallon bakin masu ci. Indo da Talatu, masu sayar da abinci a ƙofar wata masaƙar, waɗanda su ma tsakuwa ta kusa tayar da su, suka zo kallo. Ta zaunar da su ta koya musu, har ta ba su ƙwarya ɗai-ɗai. Na ce mata wannan ai kashe kasuwarta take yi. Ta ce masu jin yunwa a Kakuri sun fi ƙarfin tukunya biyu. Ana cikin haka aka sanar a rediyo cewa gwamnati ta fasa karɓar bashin, aka yi ta murna a gari. Ni dai wannan karon ban tafa ba, hannuwana na cikin aljihu, kuma tsadar da aka ce bashin zai kawo ba ta fasa zuwa ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne Jethro bai ce komai ba. Benci uku sun cika, amma Filibus ya ce har yanzu sunayensu na cikin masu shiga mota ranar Litinin, ashirin da uku ga wata, kuma Jethro in ya faɗi magana ba ya son a ga ya janye. Na tambayi Maman Judith, ta ce ita ta yi nata, saura nasa. Kullum in na zo ci sai in dubi fuskarta ko zan karanci wani abu, ba na samun komai.

Ranar Lahadi da la'asar ina zaune a ƙofar gida a Makera sai ga Jethro, da kayan coci a jikinsa. Bai taɓa zuwa gidana ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi haƙori, ya yi ta juya hularsa a hannu. Can ya ce aron sufana ya zo, mai lamba goma sha uku. Na ɗauka kayan tafiya zai haɗa, na tambaye shi me zai kwance.

"Ba kwancewa ba ce, Malam Bello," ya ce, idonsa a ƙasa. "Gadonmu na ƙarfe ne. Mako uku ke nan da na kwance shi na ɗaure don mota, a tabarma muke kwana. Wanda ya ara mini sufanar wancan karon ya yi tafiya."

Ban ba shi sufana ba, akwatin kayan aikina na ɗauka gaba ɗaya na bi shi. Muka tarar da ɗakin a hargitse, ƙullin kaya ko'ina, Judith na durƙushe gaban akwatin ƙarfe tana fito da kayan makarantarta tana karkaɗewa. Uwarta na kwance igiyar da aka ɗaure ƙafafun gadon da ita. Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta nuna mini kusurwar da gadon yake a da.

"Ku ɗaure shi da kyau, Malam Bello," ta ce. "Ba za a sake kwance shi ba."